"AN YI MATA AIKI": Ma'anar Haihuwar Tiyata Da Yadda Ake Faɗarta A Gwarzo Da Kabo

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. A ƙasar Gwarzo da Kabo, kamar sauran ƙasar Hausa, labarin haihuwa yakan iso gida ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Idan ɗan aike ya ce "ta sauka lafiya", nan take za ka ji guɗa ta tashi, mata su shiga shirin ɗora ruwan wanka, a aika yara gidajen dangi. Idan kuwa ya ce "an yi mata aiki", sai ka ga ya rage murya, masu saurare su riƙe baki, wata tsohuwa ta ce "wayyo, baiwar Allah", kamar dai an kawo labarin rasuwa. Alhali kuwa a duka biyun uwa tana da rai, jariri kuma yana kwance a gefenta yana neman nono.

Wannan bambanci na murya ba ƙaramin abu ba ne, domin yarinyar da ta taso tana jin ana faɗin kalmar da raɗa, ranar da likita ya ambata mata ita sai ta ji kamar an yanke mata hukunci. Mijinta ma haka. To, don haka ne a wannan mako muka ga ya dace mu zauna tare da masu karatu mu warware wannan kalma, mu ga inda ta fito, da abin da take nufi a bakin likita, da kuma abin da muka mayar da ita a bakinmu.

DAGA INA "TIYATA" TA FITO?

Kalmar tiyata baƙuwa ce da ta zama 'yar gida, kamar yadda asibiti da likita suka zama. Asalinta kalmar Ingilishi ce, theatre, kuma a asibiti sunan ɗaki ne kawai, wato ɗakin nan mai manyan fitilu inda likitoci ke aiki a jikin mutum. A ƙasar Turai a da, irin waɗannan ɗakuna suna da kujeru hawa-hawa kamar gidan wasan kwaikwayo, ɗalibai su zauna suna kallon malaminsu yana aiki, shi ya sa aka ba su sunan gidan kallo. Da Bahaushe ya ji ma'aikata suna cewa za a shiga da wane tiyata, sai ya ɗauki sunan ɗakin ya ba aikin da ake yi a ciki. Yau muna cewa an yi masa tiyatar ƙaba, an yi mata tiyatar ido, ko kuma ta haihu ta hanyar tiyata.

Akwai kuma kalmar fiɗa, wadda ake ji a rediyo idan an ce likitan fiɗa. Ita dai Hausa ce tsantsa, to amma a kunnen manomi fiɗa aikin mahauci ne a kan rago bayan an yanka shi. Shi ya sa ba za ka ji an ce an yi wa mace fiɗa a gaban danginta ba. Mafi muni duka ita ce kalmar yanka. "Yanka ta aka yi" magana ce da ake ji a bakin ƙofa da bakin rijiya, kuma duk wanda ya ji ta, wuƙa da jini ne za su zo masa a rai.

Saboda nauyin waɗannan kalmomi ne jama'a suka zaɓi mai sauƙi, wato aiki. An yi mata aiki. Matasa da ma'aikatan jinya kuwa sukan taƙaita da haruffa biyu na Turanci su ce si-es. Idan ka haura Maraɗi ko Damagaram a Jamhuriyar Nijar, za ka ji ma'aikata na cewa sezariyan, daga Faransanci. Duk waɗannan sunaye abu ɗaya suke nufi, wato fito da jariri ta hanyar buɗe cikin uwa da mahaifarta, a lokacin da hanyar da aka saba ta gagara ko kuma take da haɗari.

Sai dai mai karatu ya lura da wani abu a cikin maganar. Idan aka ce "ta haihu", matar ce ta yi. Idan aka ce "an yi mata aiki", wasu ne suka yi, ita kuwa kamar ba ta taɓuka komai ba. Daga nan ne gori yake samun ƙofa. Facala ko kishiya ko uwar miji ta ce, "ai ba da kanta ta haihu ba." Wata tara na laulayi, da kumburin ƙafa, da kwana biyu na naƙuda, da ciwon ɗinki, duk an share su da magana ɗaya.

SUNAN KAISAR

A harsuna da yawa na duniya sunan wannan aiki yana ɗauke da sunan Kaisar. Larabawa na cewa haihuwa ƙaisariyya, Jamusawa na kiransa yankan Kaisar, haka nan a Turanci da Faransanci. Labarin da ya bazu shi ne wai ta wannan hanya aka haifi Yuliyas Kaisar na Roma wajen shekara ta 100 kafin haihuwar Almasihu. Masana tarihi ba su yarda da wannan ba, domin mahaifiyarsa Aureliya ta rayu har shekara ta 54 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin da mace ba ta tashi bayan an buɗe cikinta. Abin da aka fi kyautata zato shi ne sunan yana da alaƙa da kalmar Latin mai ma'anar yanka, da kuma wata tsohuwar dokar Romawa wadda ta hana a binne mace mai ciki sai an fitar da ɗan da ke cikinta.

Ke nan a farkon al'amari aiki ne da ake yi wa matacciya ko wadda ke bakin mutuwa, ko Allah zai sa a tsira da jaririn. Tsoron da kalmar ke ɗauke da shi tsoho ne, kuma ba mu kaɗai muka gaje shi ba.

To amma duniya ta juya. A 1846 aka nuna amfani da maganin sa barci wajen tiyata a birnin Boston na Amurka. A 1867 wani likitan Birtaniya, Joseph Lister, ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin aiki. A 1882 Max Sänger na Jamus ya koyar da ɗinke mahaifa bayan an fitar da jariri, a 1926 kuma Munro Kerr na Sikotlan ya yaɗa tsagawa a ƙasan mahaifa a kwance, wadda ita ce ake yi har yau. Ƙarin jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka biyo baya. Da haka aikin da ake yi wa gawa ya koma aikin ceton rai biyu.

Kada kuma wani ya ce wannan dabarar Bature ce kawai. A 1879 wani ɗan Ingila mai suna Robert Felkin, wanda ya je ƙasar Yuganda tare da 'yan mishan, ya ga masu maganin gargajiya a wani gari da ake kira Kahura sun yi wa wata matashiya wannan aiki. Sun ba ta giyar ayaba don rage zafi, sun wanke hannu da cikinta da ita, sun tsayar da jini da ƙarfe mai zafi, suka rufe wurin da ƙusoshin ƙarfe. Lokacin da ya bar garin bayan kwana 11, uwa da jaririnta suna nan lafiya. Baƙar fata ne suka yi, da iliminsu na gado.

ME AKE YI A CIKIN ƊAKIN?

Rashin sani ya fi dare duhu. Yawancin waɗanda ke tsoron tiyata ba a taɓa zaunar da su an faɗa musu abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa ba.

Da farko ana sa wa matar ƙarin ruwa, a sa mata robar fitsari don mafitsara ta zama wayam, kada a taɓa ta. Sau da yawa ba a sa ta barci gaba ɗaya. Allura ake yi mata a gadon baya, jiki ya mutu daga ƙasan ƙirji zuwa ƙafafu, ita kuwa idonta biyu, tana ji tana magana. Likita ya tsaga ƙasan mara a kwance, tsawon da bai kai taƙi guda ba, ya bi a hankali har ya isa mahaifa, ya buɗe ta, ya fito da jariri. Wannan yakan ɗauki kamar minti 10, wani lokaci ma bai kai ba. Uwa takan ji kukan ɗanta na farko da kunnenta. Daga nan a cire mabiyiya, a ɗinke mahaifa, a ɗinke ciki. Duka aikin bai cika wuce awa ɗaya ba. Idan komai ya tafi daidai, washegari ana so ta tashi ta taka, bayan kwana uku zuwa biyar a sallame ta.

Ba a cire hanji a ajiye a faranti, kamar yadda ake tsorata 'yan mata. Ba a kuma cire mahaifa, sai fa idan ta riga ta fashe ko jini ya ƙi tsayawa, kuma wannan ya fi faruwa ga wadda aka kawo a makare.

DON ME LIKITA KE CEWA SAI AN YI AIKI?

Dalilai sanannu ne. Na farko shi ne doguwar naƙuda saboda kan jariri ya fi ƙarfin ƙashin ƙugun uwa. Wannan ya fi samun yarinyar da ta yi ciki jikinta bai gama girma ba, ko wadda rashin abinci ya tsumburar da ita tun tana ƙarama. Komai ƙarfin nishinta, ƙashi ba ya buɗewa. Na biyu, jariri ya kwanta a gicciye ko ya miƙo hannu. Na uku, mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko ta rabu da jikin mahaifa tun ɗa bai fito ba, jini ya ɓalle. Na huɗu, jijjiga, wadda hawan jini ke kawowa, inda mafita ita ce a raba uwa da cikin da gaggawa. Sai kuma idan cibiya ta riga jariri fitowa, ko aka ji bugun zuciyarsa yana raguwa, ko kuma an taɓa yi wa matar aiki sau biyu ko fiye.

A cikin duk waɗannan babu inda ragwanci ya shigo. Babu jarumar da za ta iya juya ɗan da ya gicciye da ƙarfin hali, kuma babu yawan haƙurin da zai ɗage mabiyiya daga bakin hanya.

Idan aka bar doguwar naƙuda, ga abin da ke biyo baya. Kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashi kwana ɗaya, biyu, har uku. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, ya bar rami. Shi ne yoyon fitsari. Galibi jaririn ma ba ya rai. Wasu kuma ungozoma ko wanzami ya yi musu yankan gishiri da aska da nufin buɗe hanya, a ƙara ciwo a kan ciwo. Dubban irin waɗannan mata aka yi wa gyara a Babbar Ruga ta Katsina, inda wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya soma wannan aiki a 1984, da cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala a Kano, da asibitin Evangel na Jos, da kuma cibiyar Danja kusa da Maraɗi. Da yawansu, da an yi musu aikin awa ɗaya a kan lokaci, da ba su san wannan wahala ba.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi diddigin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, matan da ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su bayan abu ya ɓaci, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Waɗanda suka yi awo kuwa, ko da aiki aka yi musu, mafi yawa sun koma gida da ƙafarsu.

Shekaru arba'in bayan haka, binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100 a Nijeriya, 39 ne kawai aka yi a asibiti, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa 16 ne. Haihuwar tiyata a ƙasa baki ɗaya ba ta kai uku cikin ɗari ba, shiyyarmu kuma tana can ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa yayin da adadin ke hawa zuwa 10 cikin 100, mutuwar iyaye mata da jarirai takan ragu. Ma'ana, a wajenmu akwai mata masu yawa da suke bukatar aikin amma ba sa samu. Ita dai wannan hukuma ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 ne suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

TSORON YANA DA TUSHE

Ba za mu ce jama'a ba su da hujja ba. Kusan kowane ƙauye daga Getso zuwa Kutama, daga Garo zuwa Gude, akwai gidan da aka tafi da mace asibiti, aka ce an shiga da ita tiyata, aka dawo da gawa. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 22, aka buga a 2019, ya gano cewa wajen mace ɗaya cikin 200 da aka yi wa wannan aiki ta rasu, wanda ya ninka na ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Aiki ne babba. Akwai haɗarin zubar jini, da ruɓewar ɗinki, da kuskuren hannu, musamman a ɗakunan bayan gida inda wanda ba likita ba yake riƙe wuƙa don neman kuɗi. To amma shi wannan binciken ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na ayyukan na gaggawa ne, wato an zo ne bayan wuta ta riga ta kama.

Masana sukan yi maganar jinkiri uku, kuma duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san su da ido. Na farko a gida yake. Naƙuda ta fara, yarinya 'yar fari ta yi shiru saboda kunya, domin an koya mata cewa mai kuka a kan gwiwa abin dariya ce. Mai gida ya tafi cin rani Kano ko Legas, ba wanda zai ce a fita da ita. A jiƙa wannan a ba ta, a shafa wancan, a ce a jira zuwa asuba. Na biyu a hanya yake. Da damina rafi ya cika, mota ba ta shiga, sai babur ko amalanke har bakin titi. Daga nan a nufi Babban Asibitin Gwarzo, idan kuma abin ya fi ƙarfin nan, ga tafiyar kimanin kilomita 70 ta Rimin Gado zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na uku a asibiti yake, wato neman jini, neman kuɗi, da neman wanda zai sa hannu.

Matar da ta ratsa waɗannan uku ta isa ɗakin tiyata jini ya ƙare, mahaifa ta fashe, ɗa ya mutu tun jiya. Idan ta cika a hannun likita, labarin da zai koma ƙauye shi ne "aiki ne ya kashe ta". Ba wanda zai ƙirga kwana ukun da ta yi a ɗaka. Da wannan labari kuma maƙwabciyarta za ta ƙi zuwa da wuri, ita ma a kai ta a makare. Haka kalmar ke ciyar da kanta da rayukan mata.

"KAMAR MATAN IBRANIYAWA"

A cikin jama'ar ikilisiya akwai wata magana da ta shigo, wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Za ka ji ana yi wa mai ciki addu'a cewa za ta haihu kamar matan Ibraniyawa, har wasu su ɗauka cewa wadda aka yi wa aiki bangaskiyarta ce ta gaza. A wajen ziyarar marasa lafiya na sha tarar da mace kwance da jaririnta lafiyayye, tana hawaye, tana roƙon kada a faɗa a majami'a yadda ta haihu.

Duk wanda ya buɗe Littafin Fitowa sura ta 1 zai ga cewa maganar ta fito ne daga bakin ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, a lokacin da Fir'auna ya tsare su yana tambayar dalilin da ya sa ba su kashe jarirai maza ba. Amsa ce ta kare rai a gaban azzalumin sarki. Abin da aka yaba musu a wurin shi ne tsoron Allah da ya sa suka bar yara da rai. Kuma Littafin Farawa sura ta 35 bai ɓoye mana ba cewa Rahila, matar Yakubu, ita ma daga wannan zuriya take, ta sha wuyar naƙuda har ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu. Ba a ce ta rasa bangaskiya ba.

Wannan gardama ma ba sabuwa ba ce. A 1847, da Dokta James Simpson na Edinbara ya fara ba masu naƙuda maganin kashe zafi, sai da ya rubuta amsa ga masu ganin hakan ya saɓa wa addini, inda ya tuna musu cewa barci mai nauyi aka sa wa Adamu kafin a ɗauki haƙarƙarinsa. A 1853 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta karɓi maganin wajen haihuwa, magana ta lafa. Maƙwabtanmu Musulmi su ma malamansu suna koyar da cewa neman magani ba ya warware tawakkali. A kan wannan batu bakinmu ɗaya. Mai ba da ilimin likita shi ne mai ba da haihuwar.

SA HANNU DA KUƊI

Ga maza kuma, ga tamu. Takardar da ake miƙo wa miji a ƙofar tiyata, mutane da yawa sun ɗauka takardar sallama rai ce, wai idan ka sa hannu ka yarda ta mutu. Ba haka ba ne. Shaida ce cewa an yi bayani an kuma amince a yi aikin. Hasali ma mace baliga da ke cikin hankalinta tana da ikon sa hannu da kanta. Idan mai gida zai yi tafiya matarsa na da tsohon ciki, ya kamata ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da ƙaninsa da ita kanta matar cewa, duk abin da ya taso a tafi asibiti, duk abin da likita ya ce a yi, kada a jira shi. Wannan magana ta minti ɗaya ta ceci rayuka da yawa.

Game da kuɗi, Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana kula da masu ciki da haihuwa kyauta a asibitocinta tun 2001. Jamhuriyar Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta a 2005. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya na Tarayya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yin aikin kyauta ga mata marasa ƙarfi da suke bukatarsa. To amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a wajen awo a tambayi ma'aikata abin da shirin ya ɗauke da abin da bai ɗauke ba. A ware buhu guda tun da kaka, ko a ɗaure akuya da sunan wannan rana. A san mai motar da za a buga wa ƙofa da tsakar dare. A san 'yan'uwa biyu ko uku da za su ba da jini. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa suna iya buɗe asusu na musamman don wannan, kamar yadda ake yi wa biki da rasuwa.

Alamun da ba a jira a kansu su ne zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, jijjiga, fashewar ruwa ba tare da naƙuda ba, fitowar hannu ko cibiya, daina motsin jariri, da naƙudar da ta wuce awa 12. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

BAYAN AN DAWO GIDA

Wadda aka yi wa aiki mai jego ce kamar kowace. Tana shayarwa tun ranar farko, kuma nononta lafiya lau yake. Sai dai a kiyaye wurin ɗinki, ya zauna a bushe da tsabta. Kada a yaɓa masa tafasasshen ruwa da ganye da sunan wankan jego, kada kuma a matsa cikin. Kunun kanwa ma a sassauta, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego. A ɗauke mata daka da ɗiban ruwa da itace na mako shida aƙalla. Idan wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ko zazzaɓi ya rufe ta, a koma asibiti a ranar.

Ana cewa wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ta gama haihuwa da kanta har abada. Wannan ba ƙa'ida ba ce. Da yawa sukan haihu ta hanyar da aka saba a ciki na gaba, idan dalilin farko bai dawo ba. Sharaɗi biyu ne. A ba mahaifa hutu kamar na shekara biyu don tabon ya yi ƙwari, sa'an nan duk haihuwar da za ta biyo baya a yi ta a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, domin tabo yana iya tsagewa a lokacin naƙuda. A nan ne gori ke yin kisa na biyu. Mace ta ɓoye naƙuda a ɗaka don ta nuna wa dangin miji ita ma tana iyawa, mahaifa ta fashe a kan tsohon ɗinki.

MU GYARA BAKINMU

Akwai addu'ar da kowane Bahaushe, Kirista ko Musulmi, yake yi wa mai ciki. Muna cewa "Allah ya raba lafiya", ko "Allah ya sauke ki lafiya". Kakanninmu da suka tsara wannan addu'a sun san abin da suke roƙo. Rai biyu ne a haɗe, ana so a raba su kowa da ransa. Ba su gindaya wa Allah hanyar da zai bi ba. Idan an raba uwa da ɗa a kan tabarma a ɗakin kakarta, an amsa addu'a. Idan an raba su a ƙarƙashin fitilar likita a Gwarzo ko a Kano, ita ma addu'ar ce aka amsa.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu mata, da ungozomomi, da masu unguwanni, da limamai da fastoci da masu bishara, mu fara daga harshe. Kalmar yanka mu bar wa mahauta. Ɗan aike ya ce "ta haihu, ta sauka lafiya", idan an tambayi yadda aka yi sa'an nan ya ce ta hanyar tiyata ne, ya kuma faɗe shi da murya sake. A yi mata guɗa, a kai mata barka da arziki, a yi suna da shagali kamar na kowa. Uwar miji ta ce mata, "sannu 'yata, kin yi ƙoƙari", domin 'yan matan gidan suna saurare, kuma abin da suka ji yau da shi za su yanke shawara gobe.

Allah ya raba masu ciki lafiya, ya ba likitocinmu da ma'aikatan jinya basira da tausayi, ya raya mana abin da aka haifa. Amin.